Fim kan matashin da aka juya wa tunani a intanet

Tambayarka ita ce yadda za ka nuna matashin da aka cusa wa tsattsauran ra'ayi ba tare da fim ɗin ya zame wa masu cusawar talla ba. Fara da kaɗaicinsa: ɗaki a kulle, abinci ya huce a bakin ƙofa, hasken waya a fuskarsa ƙarfe biyun dare. Kada ka ɗauki allon waya da kyamara, yakan yi walƙiya. Ƙirƙiro saƙonnin da ake turo masa, ka ɗora su wajen haɗa hoto. Babban kuskure shi ne sa ainihin bidiyon wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ko tutarta, don za a yanko wurin a yaɗa a TikTok. In akwai hari a labarin kuwa, nuna abin da ya biyo baya kawai. Ka ba masanin halayyar ɗan Adam labarin ya duba kafin ɗauka.