Amsa ga mai yi wa tsofaffi aski a Bronx

Ɗan'uwa na ga saƙonka. Ka ce Baba yana gidan kula da tsofaffi a Bronx da ke birnin New York, kana zuwa da kilifa kana masa aski, yanzu kuma maƙwabtan ɗakinsa sun fara cewa su ma a yi musu, wasu har suna damƙa maka dala goma, kai kuma ba ka da lasisi.

Toh, askin Baba dai babu komai a ciki, ɗa ne ya gyara wa mahaifinsa kai. Inda maganar take sauyawa shi ne kuɗin nan. A Amurka kowace jiha da dokarta kan sana'ar aski, kuma a New York abin da doka ta hana shi ne mutum ya yi aski don a biya shi ba tare da lasisi ba, saboda haka ko ka kira shi kyauta ko na ruwa, in dai askin ne dalilin da ya sa aka ba ka, ana iya ɗaukarsa ladan aiki. Dan Allah ka daina karɓa tun yau. Kuma kar ka ɗauka na sadaka lafiya lau ne a ko'ina, a 2017 hukumar ba da lasisin gyaran gashi ta jihar Arizona ta taso wani ɗalibi a gaba a Tucson don yana yi wa marasa matsuguni aski kyauta, sai da gwamna Doug Ducey ya sa baki.

Amma gaskiya abin da ya fi damuna ba hukumar ba ce, jikin tsofaffin ne. Da yawansu suna shan maganin tsinka jini, wasu na da ciwon suga, fatar kai ta yi laushi, ɗan ƙwarzane a bayan kunne sai jini ya ƙi tsayawa ko wurin ya ruru, ga kilifa ɗaya daga wannan kai zuwa wancan ba a tsaftace ba, ga mai ciwon mantuwa da zai ce maka eh alhali a doka ƙila wakilinsa ne ke da ta cewa. In iyalansa suka kai ƙara kai kaɗai ne a fili, da wuya inshorar gidan ta rufe ka.

Wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba, a ƙa'idar tarayya da ta biyo bayan dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987, wanda Medicaid ko Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ke biya wa zama, tsaftar gashi tana cikin abin da aka riga aka biya, har da ɗan rage suma da ma'aikatan gidan ke yi, ba a cajinsa daban. Mai aski na waje shi ake biya. In an bar tsoho da suma buzu-buzu, iyalansa su yi wa shugaban gidan magana, in bai ji ba akwai ofishin ombudsman mai karɓar koken mazauna irin gidajen nan, kyauta ne.

In kana son ci gaba da aikin alherin nan, je ka sami shugaban gidan ka nemi a rubuta ka cikin 'yan sa-kai, izini a rubuce, da yardar iyalan kowane tsoho, aska da reza kuma ka bar su a gida. In sana'ar kake so, New York na da hanyar koyo a ƙarƙashin mai lasisi na shekara 2, daga nan ka zauna jarrabawa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.