Amsa ga Malamar da ɗalibanta suka cika mata tebur da kwafe

Assalamu alaikum Malama, sannu da fama. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai na samu sarari saboda amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce wannan ne karo na farko da aka ɗora miki kwas ɗin dabarun bincike da rubutun muƙala, ɗalibai sun haura 150, jingar farko da kika ba su kuma kusan duk daga intanet aka kwaso ta, har kina tunanin ki kayar da su gaba ɗaya ko sa shiga taitayinsu. Shekarata 14 ina koyar da irin wannan kwas, na fara a kwalejin ilimi kafin na koma jami'a, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Kada ki kayar da su tukuna. Na taɓa yin haka a shekarata ta biyu, ina ji da ƙuruciya da jan biro. Abin da na girba a zango na gaba shi ne sun ƙware wajen ɓoye satar. Sai su sauya kalma ɗaya a kowace jimla, su juya sakin layi na sama ya koma ƙasa. Rubutun ya ƙara lalacewa, ni kuma na ƙara shan wahalar gano inda aka ɗauko shi.

Wane take kika ba su? Ina kyautata zaton irin su "Tasirin kafafen sada zumunta ga tarbiyyar matasa" ne, ko "Matsalolin almajiranci a Arewacin Najeriya". In haka ne, to rabin laifin namu ne, mu malamai. Irin wannan take babu tambaya a cikinsa, fili ne fetal ba iyaka. Yaro ɗan aji biyu da aka ce ya cika shafi goma a kan almajirancin Arewa kaf, me zai ce wanda ba a riga an faɗa ba? Bai je Sakkwato ba, bai je Maiduguri ba, bai san alƙaluma ba. Hanya ɗaya ta rage masa, ya nemo wanda ya riga ya rubuta ya ɗauka. Shi ya sa yanzu makonni uku na farkon zango ba na barin kowa ya rubuta muƙala. Tambaya kawai muke sassaƙawa.

Wani ɗalibi ya taɓa zuwa ofishina da take wai "Matsalar sufuri a birnin Kano". Na ce zauna. Wace matsalar? Ya ce cunkoso da tsada. Na ce a ina ka gani da idonka? Ya yi shiru, can ya ce shi dai yayansa ɗan acaɓa ne a da, yanzu adaidaita sahu yake ja. Na ce me ya raba shi da babur? Ya ce ai an hana. Kin san a watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Na ce to babur ɗin yayanka nasa ne? Ya ce nasa ne. Adaidaitar fa? Ya ce ta wani Alhaji ce, kullum yamma sai ya kai balas. Na ce masa ga bincikenka nan a cikin gidanku kana neman sa a Google. Tambayar da muka tsayar ita ce: tsofaffin 'yan acaɓan da ke tasha ɗaya a unguwarsu, nawa ne suka koma jan abin hawan da ba nasu ba, kuma me hakan ya yi wa abin da suke kai wa gida? Ya je ya yi hira da mutum 12, ya dawo da shafi shida. Turancinsa na da gyara sosai, amma babu jimla ɗaya da ya sato, don babu inda zai sato ta. Har na samu damar koya masa abin da lakca ba ta taɓa shigar masa da shi kai ba, cewa mutum 12 a tasha ɗaya ba su isa ya ce "'yan acaɓan Kano" ba, sai dai ya ce "waɗanda na zanta da su".

Bayan tambaya sai da'awa, kuma nan ne na fi daɗewa. Ɗalibanmu sun iya musu, kada wani ya ce miki ba su iya ba. Ki tsaya kusa da teburin mai shayi ki ji yadda suke kare Messi ko Ronaldo, da adadin ƙwallaye da shekarun da aka ci kofi, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe ya cafke shi. Abin da ba su sani ba shi ne wannan ɗin muke nema a takarda, cikin natsuwa. Tun daga firamare an saba musu da cewa rubutun makaranta shi ne maido wa malami abin da ya faɗa. Sai na riƙa rubuta jimloli biyu a allo. Ta farko: "An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023." Ta biyu: "Cire tallafin ya fi takura wa ɗaliban jeka-ka-dawo fiye da na kwana." In tambaye su, wacce za a iya yin gardama a kanta? Ta farko labari ce, wanda ya musa sai a nuna masa jarida a wuce wurin. Ta biyu ita ce da'awa, mai hankali zai iya cewa bai yarda ba, kuma dole ka kawo abin da zai gamsar da shi. Muƙalar da babu irin jimla ta biyu a cikinta ba na karɓa, ko da ta kai shafi ashirin.

Littattafan koyar da rubutu na Turawa kan kawo tsarin Stephen Toulmin, masanin falsafa ɗan Ingila da ya fitar da shi a 1958: da'awa, hujja, da dalilin da ya ɗaure hujjar da da'awar. Tsarin yana da kyau, amma na lura in na fara da sunansa sai ɗalibai su haddace shi don jarrabawa, su kasa aiki da shi. Yanzu da zauren alƙali nake farawa. Kusan kowa a ajin ya taɓa jin cewa hujja tana kan mai da'awa. Ka ce gonar taka ce, ina shaidunka? Ka kawo shaida, to me ya haɗa abin da ya gani da gonar da ake shari'a a kai? Abokin shari'arka kuma me zai ce, ka shirya masa amsa? In sun gane wannan, sai in ce musu to wani Bature ma ya tsara shi, ga sunansa.

Abin da ya fi ba ni wuya, har yau ban ce na gama da shi ba, shi ne kunya. Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta taɓa kawo min babin bitar ayyukan da suka gabata, shafi takwas, kowane sakin layi "Wane (2005) ya ce", "Wane (2011) ya ce", jerin gwano har ƙarshe. Na nuna mata cewa biyu daga cikin waɗanda ta jero sun saɓa wa juna ƙiri-ƙiri, na ce ke wanne kika ga ya fi gaskiya? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, wace ni in ja da Farfesa?" Ba wauta ba ce, tarbiyya ce, kuma ba na so in rushe ta. Abin da nake ƙoƙarin nuna musu shi ne saɓani daban, rashin kunya daban. Malaman fiƙihunmu sun cika littattafai da saɓani, ɗalibi ya rinjayar da ra'ayin da ba na malaminsa ba, kuma yana yi masa addu'a a layi na gaba.

Darasin da ya fi yi min aiki a nan shi ne na Bayajidda. Nakan ba su labarin yadda ake ba da shi a Daura: baƙo daga gabas, macijin rijiyar Kusugu, auren Daurama, Bawo da 'ya'yansa, Hausa Bakwai. Sai in haɗa musu da taƙaitaccen bayanin muƙalar Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ta 1970, inda ya ce ba zuwan wani jarumi daga waje ne ya kafa daulolin ƙasar Hausa ba, sun tsiro ne a hankali daga cikin gida, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. In ce kowa ya zaɓi ɓangare ya rubuta shafi ɗaya, amma da sharaɗi: dole ya fara kawo hujjar ɗaya ɓangaren mafi ƙarfi, yadda mai ita zai ji ya ce e, haka nake nufi, kafin ya mayar da martani. Ranar ajin kan yi zafi, musamman in akwai 'yan Daura. Wanda ya fi burge ni a duk shekarun nan cewa ya yi tambayar ma ba daidai aka yi ta ba, domin labarin bai zama dole ya faru kamar yadda aka faɗa ba kafin ya gaya mana yadda masarautun suke kallon dangantakarsu. Ban koya masa wannan ba, gardamar ce ta kai shi.

Maganar madogara kuwa, kada ki ɓata makonni a kan inda ake sa waƙafi da aya a tsarin APA, wato ƙa'idar rubuta sunayen madogara a muƙala. Shafi ɗaya na misalai ya wadatar, su riƙa dubawa. Abin da ya kamata su fahimta shi ne dalilin yin ta. Nakan tuna musu maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ɗaliban da suka yi Islamiyya nan take suke ganewa, waɗanda ba Musulmi ba kuma nakan ce musu, in an kawo maka labari a kan ɗan'uwanka, ba "wa ya gaya maka" kake fara tambaya ba? Wikipedia ba na hana su, amma ƙofa ce, a sauka ƙasan shafin a bi manazartar. Ki nuna musu Google Scholar da AJOL, shafukan neman muƙalun bincike, a waya a cikin aji, ki sa kowa ya nemo muƙala ɗaya a gabanki, don da yawansu ba su taɓa buɗewa ba. In kwas ɗinku ya shafi tarihi ko harshe, ki gaya musu akwai cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗalibin da ya taɓa riƙe tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a 1939, ya karanta wasiƙun masu karatu da idonsa, kallon da yake yi wa kalmar "bincike" yakan sauya.

Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a ƙarshen 2022 salon satar ya canza. Da can shagunan buga takardu na bakin makaranta ne ke sayar da tsofaffin kundaye, a sauya bango da suna. Na taɓa karɓar wanda takensa ƙaramar hukumarmu ce, amma a babi na huɗu an manta sunan wani gari na Kudu har wuri uku. Yanzu Turanci ne sumul, babu kuskure, babu kuma komai a ciki. Wani ya kawo min manazarta da sunan malamin da ya duba kundina na digiri na biyu, an jingina masa muƙalar da bai taɓa rubutawa ba, da sunan mujalla da lambar shafi. Manhajar ce ta ƙirƙiro. Turnitin, manhajar gano satar rubutu, na taimakawa in makarantarku na da shi, amma kamannin kalmomi ya fi kamawa, kuma tsohon kundin da ba a taɓa ɗora shi a kwamfuta ba bai san da shi ba. Abin da ban ga ya taɓa kasawa ba shi ne minti uku na baki da baki. Rufe takardar. Mece ce da'awarka? Wace hujja ce ta fi ƙarfi? Wa ya saɓa maka? Wanda ya yi aikinsa ko yana in'ina zai amsa. Nakan bar su su amsa da Hausa in sun fi sakewa, don sau da yawa tunanin yana nan, Turancin ne ya danne shi.

Na san za ki ce mutum 150 fa. Gaskiya ne, ba za ki iya karanta shafi goma-goma ba, kuma bai kamata ki nema ba. Ni nakan raba makin jinga gida huɗu: tambaya a rabin shafi, madogara uku da bayanin abin da kowacce ta ce, sakin layin da'awa wanda ake rubutawa da hannu a cikin aji, sai muƙalar ƙarshe da ba ta wuce shafi huɗu. Matakai biyun farko ɗalibai ne ke duba wa juna a rukunin mutum biyar, ni ina zagayawa. Ganawar baki da bakin kuma a kwana uku nake yin ta, rukuni-rukuni. Akwai gajiya, ba zan ɓoye miki ba, kuma duk da haka za a samu waɗanda za su zille.

Jingar da ke kan teburinki yanzu, ki mayar musu ba maki. Ki ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya da ya tabbata tasa ce, wadda zai iya tsayawa a gaban aji ya kare ta. Wasu za su juya shafukan har ƙarshe ba su samu ba, ki bar su su ji nauyin hakan da kansu, ba sai kin yi faɗa ba. Daga nan ki ce mako mai zuwa kowa ya zo da tambaya ɗaya a kan abin da ke faruwa a unguwarsu ko ƙauyensu, wadda zai iya samo amsarta da ƙafarsa cikin mako biyu. In kin tattara, ki turo mana biyar ko shida a nan mu taya ki sassaƙa su.