Tambaya da Amsa: Shin na'urar MinION za ta yi aiki a ƙaramin ɗakin gwaji irin namu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin nazarin ƙananan halittu a wata jami'a ta Arewa. Bincikena a kan ƙwayoyin bakteriya ne da suka daina jin magani, waɗanda muke samu a fitsari da jinin marasa lafiya. Na ji labarin wata ƙaramar na'ura, MinION, da ake cewa tana karanta DNA baki ɗayansa ba sai an aika samfuri waje ba. Yaya take aiki, me muke buƙata, kuma za ta jure zafi da ɗauke wutar da muke fama da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Za ta yi aiki, kuma ta dace da irin bincikenki. Sai dai ki sani tun yanzu cewa sayen na'urar shi ne abu mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da zai yanke hukunci shi ne tsabtar DNA ɗinki, da sanyin ajiyar kayan aiki, da wutar da ba ta yankewa.

Kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ne ya ƙera ta, ya kuma fara ba masu bincike ita a 2014. Nauyin nau'inta mai suna Mk1B bai wuce giram 100 ba, ana jona ta da kwamfuta ta USB. A cikinta ake saka wani faranti da masu aikin ke kira fulo-sel, mai ɗauke da siririyar fata wadda lantarki ba ya ratsawa, an dasa mata ƙananan ramukan furotin. Wutar lantarki kaɗan tana bi ta kowane rami. Idan silin DNA ya shiga ramin, kamar zare a kafar allura, haruffansa huɗu, A da C da G da T, kowanne yana tare hanyar wutar ta irin tasa siga. Wani enzayim da aka maƙala wa silin yana sassauta gudunsa zuwa kimanin haruffa 400 a daƙiƙa, kwamfuta kuma tana fassara hawa da saukar wutar zuwa haruffa. Farantin yana da ramuka 2,048, amma 512 ne ke karatu a lokaci guda.

Fifikonta a wajenki shi ne tsawon abin da take karantawa a zama ɗaya. Na'urorin kamfanin Illumina, waɗanda su ma DNA suke karantawa, suna karanta shi ne gutsi-gutsi, galibi haruffa 150 zuwa 300. Ita wannan tana karanta haruffa dubu goma ko dubu hamsin a jere, idan kin ba ta sili mai wannan tsawon. Ƙwayoyin gadon da ke sa bakteriya ta ƙi jin magani yawancinsu suna zaune ne a kan filasmid, wato ɗan zoben DNA da bakteriya ke miƙa wa junansu, kuma kewaye suke da sassa masu maimaita kansu. Gajeren karatu zai gaya miki ƙwayar gadon tana nan, amma da wuya ya nuna miki a ina take. Dogon karatu yana fito da zoben cikakke, ki ga ko Klebsiella ɗin wannan ɗakin jinya da E. coli ɗin wancan suna ɗauke da filasmid iri ɗaya. Wannan bayani ne da asibiti zai iya aiki da shi gobe da safe.

An riga an gwada ta a yankinmu. A 2015 an kai ta Gini lokacin annobar Ebola, ana fitar da sakamako cikin ƙasa da awa 24. A 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a Najeriya, an yi amfani da ita a asibitin koyarwa na Irrua da ke jihar Edo, aka karanta samfura 120. Sakamakon ya nuna cewa yawancin masu cutar daga ɓera suka kamu, ba wani sabon nau'i ne ke yawo daga mutum zuwa mutum ba. Amma kada wannan ya ja hankalinki zuwa taɓa samfurin Lassa. Wannan aikin ɗakunan gwaji na musamman ne masu izini da kayan kariya.

Mu koma kan teburinki. Aikin yana farawa ne daga fitar da DNA, kuma a nan ne mafi yawan ƙoƙari ke lalacewa. Ki fara da bakteriya tsantsa daga ɗigo ɗaya a kan farantin shuka bakteriya. Irin su E. coli da Klebsiella suna fashewa cikin sauƙi, amma Staphylococcus aureus sai an sa masa enzayim ɗin lysostaphin, in ba haka ba ki tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da zarar DNA ya fito, a daina girgiza bututu da injin girgizawa. A riƙa ɗan ƙyasta shi da yatsa, a yi amfani da bakin fifet (abin zuƙo ruwa) mai faɗi, kuma kada a yi ta daskarar da shi ana narkarwa. Duk silin da kika tsinka da hannunki, na'urar ba za ta haɗa miki shi ba.

Sai awo. NanoDrop, injin awon DNA, yana da amfani wajen duba tsabta: lambar 260/280 ta kasance kusan 1.8, ta 260/230 kuma tsakanin 2.0 da 2.2. Idan ta biyun ta faɗi ƙasa sosai, akwai ragowar gishirin guanidin ko finol, kuma za su hana enzayim aiki. Amma kada ki dogara da shi wajen sanin yawan DNA, domin yana ƙirga RNA da sauran tarkace, ya ba ki adadin da ya fi gaskiya. Injin Qubit, mai auna DNA kaɗai, shi ake amfani da shi a nan. Ɗakin gwajin da ba shi da Qubit gara ya nemo aro kafin ya buɗe faranti.

Hanyoyin shirya samfuri biyu ne. Akwai ta maƙala adafta (ɗan guntun da ke kai silin bakin rami), wadda take son kimanin maikirogiram 1 na DNA idan samfuri ɗaya ne. Ana gyara bakin silin, minti 5 a zafin digiri 20, minti 5 a 65, a wanke da ƙwayoyin maganadisu na AMPure, sannan a maƙala adaftar. Ita ta fi ba da yawan bayanai. Akwai kuma ta gaggawa, wadda wani enzayim ke yanka silin ya maƙala alama a lokaci guda. Matakanta kaɗan ne, tana cin DNA kaɗan, kuma an lura ta fi kama ƙananan filasmid, waɗanda hanyar farko kan bar su a baya. Ga mai farawa da ke farautar filasmid, ta gaggawa nake ba da shawara.

Wajen wankin maganadisu a kula da abu biyu. Itanol na kashi 80 cikin ɗari a haɗa shi sabo a ranar, domin wanda ya kwana a buɗe ƙarfinsa ya ragu, sai ya wanke DNA ɗin ya tafi da shi. Kuma kada a bar dunƙulen ƙwayoyin ya bushe har ya tsattsage. Daƙiƙa 30 sun isa, a lokacin hunturu ma iskarmu takan busar da shi kafin haka. Idan ya tsage, dogayen silla ba sa sakin ƙwayoyin.

Ki riƙe wannan lissafi: ramuka adadin silla suke gani, ba nauyinsu ba. Nanogiram 100 na gutsure mai haruffa 1,500 ya kai kimanin femtomol 100 (femtomol ma'aunin adadin silla ne), alhali maikirogiram guda cur na sili mai haruffa 10,000 kimanin femtomol 150 ne kawai. Idan aka zuba kaɗan, ramuka su zauna banza suna mutuwa. Ki bi adadin da takardar kayan da kika saya ta faɗa, domin yakan canja daga wannan fitowa zuwa waccan.

Ranar zubawa, kafin komai ki sa manhajar MinKNOW ta ƙirga ramukan da ke raye. Kamfanin ya yi alkawarin aƙalla 800 a sabon faranti, idan bai kai ba ki kai ƙorafi nan take. Daga nan a buɗe ƙofar share fage, a zuƙo maikirolita 20 zuwa 30 don fitar da iskar da ke bakinta, kada a wuce haka. A zuba maikirolita 800 na ruwan share fage a hankali, a jira minti 5, a buɗe ƙofar zuba samfuri mai suna SpotON, a ƙara 200 ta ƙofar share fage, sannan a ɗiga samfurin ta SpotON, maikirolita 75, ɗigo bayan ɗigo, kowanne ya shige kafin na gaba. Babban abokin gaba a nan kumfar iska ce. Idan ta bi ta kan fatar, duk ramin da ta taɓa ya mutu ke nan, babu gyara. Kada ki danna fifet har ƙarshe, ki bar ɗan ruwa a bakinsa. Yana da kyau ki koyi hannu da tsohon faranti kafin ki taɓa sabo.

Batun zafi kuwa, farantin ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, kuma ba a daskarar da shi ko sau ɗaya. Firjin da ke ƙanƙara a bayansa idan wuta ta daɗe, ya kuma ɗumame idan an ɗauke, zai kashe shi a hankali. Ki sa ma'aunin zafi mai ajiye bayani a ciki. Sinadaran kuma a firiza suke zama, digiri 20 ƙasa da sifili. Garantin farantin kusan wata uku ne, saboda haka kada ki yi oda sai samfuranki sun kammala, ki kuma shirya mai karɓar kayan a filin jirgi tun kafin su iso. Nau'in Mk1B an tsara shi ne don ɗaki mai zafin digiri 18 zuwa 25. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura 40, ba zai yiwu babu na'urar sanyaya ɗaki ba. Idan ya kasa riƙe zafin da yake so, gudun silin yakan kauce, ingancin karatu ya faɗi.

Karatu na iya ɗaukar awa 72, amma ba dole ba ne. Ita na'urar wuta kaɗan take ci, kwamfutar ce mai ci. Inbata da batir ko sola sun fi janareto, saboda giɓin da ake samu wajen sauyawa. Ki hana kwamfutar yin barci, ki dakatar da sabunta manhaja, ki tanadi SSD na terabait 1. Fassara mafi inganci da manhajar Dorado tana son katin NVIDIA mai ƙarfi. Idan babu, ki ajiye ɗanyen bayanan a fayil ɗin POD5 ki fassara daga baya a wata kwamfutar.

Ba a kashe faranti guda a kan bakteriya ɗaya. Akwai lambobin shaida 24 ko 96 da ake maƙala wa kowane samfuri. Idan faranti ya ba ki haruffa biliyan 10, kika raba wa samfura 24 masu haruffa miliyan 5 kowanne, an karanta kowane wuri kusan sau 80, wanda ya wadatar. Ki daidaita yawan DNA tsakaninsu, in ba haka ba guda ɗaya ya cinye rabon sauran. Kuma ki ware lamba ɗaya ga ruwa zalla da ya bi duk matakan tun daga fitar da DNA. Idan karatu mai yawa ya fito a wannan lambar, gurɓata ta shiga, sakamakon sauran ma abin dubawa ne.

Ingancin karatu ya ƙaru ƙwarai. A shekarun farko kuskure yakan haura kashi 10 cikin ɗari, yanzu da farantin R10.4.1 daidaito yana kai kashi 99. Raunin da ya rage yana wajen harafi ɗaya da ya maimaitu da yawa a jere, misali A takwas ta karanta bakwai, sai ƙwayar gado mai lafiya ta yi kama da wadda ta karye. Ki haɗa jerin da manhajar Flye, ki gyara kurakuransa da manhajar Medaka, ki nemo ƙwayoyin gadon ƙin magani da ResFinder ko AMRFinderPlus. Duk canjin harafi ɗaya da za ki gina hujja a kansa, ki tabbatar da shi da tsohuwar hanyar karanta DNA ta Sanger. Sannan kada ki ajiye gwajin faifan magani a kan farantin shuka bakteriya na Mueller-Hinton: samun ƙwayar gado ba ya nufin tana aiki, kuma bakteriya na iya ƙin magani ta hanyar da ba ta cikin rumbun bayanai. Ki gwada kowane samfuri ta hanyoyin biyu, ki jera sakamakon gefe da gefe, inda suka saɓa kuma ki sake shuka bakteriyar daga ajiyarki ki maimaita.