An ja wa iyalina hijabi a bas a Ingila, ɗana kuma yana zafafa rubutu kan Gaza: ina doka ta tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a Ingila, da bizar aiki nake zaune. Tun ɓarkewar yaƙin Gaza iyalina ba ta da sakewa. Sau biyu ana zaginta a bas, na ƙarshe har wani ya ja mata hijabi yana ce mata 'yar ta'adda. Ɗana mai shekara 17 kuma kullum cikin tura saƙonni yake a WhatsApp da TikTok, wasu har da tsinuwa ga Yahudawa. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Abin da ya sami uwargida ba ita kaɗai ya sama ba. Ƙungiyar Tell MAMA, mai tattara ƙorafin cin zarafin Musulmi, ta karɓi rahoto 2,010 daga 7 ga Oktoban 2023 zuwa 7 ga Fabrairun 2024, alhali a irin wannan lokaci na shekarar da ta gabata 600 ne. Ita ma CST, mai kula da tsaron Yahudawan Birtaniya, ta ƙirga sama da 4,000 a 2023, adadin da ba ta taɓa gani ba. A Oktoban 2025 an kai hari majami'ar Yahudawa ta Heaton Park a Manchester, masu ibada biyu suka mutu. Kwana biyu bayan haka aka cinna wa masallacin Peacehaven wuta. Dokar da za ta bi wa uwargida hakkinta ita ce kuma za ta iya kama yaronka, don haka mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Jan hijabi a idon dokar Ingila da Wales duka ne, ko da babu rauni. Hukuncin duka marar rauni bai wuce wata 6 ba, amma idan an nuna ƙiyayyar addini ko launin fata a lokacin, dokar laifuka ta 1998 ta ɗaga shi zuwa shekara 2. Kalmomin da mutumin ya furta su ne hujjar. Saboda haka ta rubuta su yau, da Turancin da ya faɗe su, kada ta fassara, kada ta tausasa don kunya. Ta haɗa da rana, lokaci, lambar hanyar bas, tashar da ta hau, wurin da ta zauna da kamannin mutumin. Idan da katin banki ko waya ta biya kuɗin mota, bayanin biyan zai taimaka a gano motar.

Sai a kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ko a cike fom a shafin 'yan sanda na True Vision. Lambar 999 ta lokacin da abin ke faruwa ce. A jirgin ƙasa kuma ana tura saƙo zuwa 61016, amma wannan lambar ba ta shafi bas ba. Ta faɗa da bakinta cewa tana ganin saboda addininta aka yi mata. Tun bayan rahoton Macpherson na 1999, wanda ya binciki wariyar launin fata a aikin 'yan sanda, ganin wanda aka zalunta ya isa a rubuta ƙorafi a matsayin na ƙiyayya, ko da yake kotu sai ta ga hujja. Ku karɓi lambar ƙorafin, ku nemi tafinta idan ana buƙata, kyauta ne.

Inda jama'armu suka fi yin asara shi ne jinkiri. Ana cewa a bar wa Allah, sai bayan wata guda a canza shawara, lokacin kyamarar bas ta riga ta goge hoton, domin ba ta ajiya mai tsawo. Ku rubuta wa kamfanin bas a ranar da kuka kai ƙara cewa a adana hoton. Kai ƙara kuma ba ya taɓa bizarka.

Batun yaro ya fi ba ni tsoro. Sukar gwamnatin Isra'ila da sojojinta, kiran a tsagaita wuta, ɗaga tutar Falasɗinu da fita zanga-zanga duk halas ne. Matsala tana farawa a wurare biyu.

Na farko, idan magana ta bar gwamnati ta koma kan Yahudawa a matsayin jinsi. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986 tana ɗaukar su a matsayin ƙabila, kuma wallafa kalaman barazana, zagi ko cin mutunci da ka iya tunzura ƙiyayya a kansu na iya jawo ɗaurin shekara 7. Irin saƙon nan na tsinuwa ga Yahudawa baki ɗaya, da ake turowa daga gida babu wanda ya ɗaga ido, a can yana iya zama hujja. Hausa ba mafaka ba ce, ana fassarawa, kuma zauren WhatsApp mai mutum ɗari ba ɗaki ba ne. Ko doka ba ta hana ba, tsohon da ke zuwa majami'a a Manchester ba shi ya ba da umarnin jefa bam a Rafah ba, kamar yadda uwargida ba ita ta kai harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023 ba. Mu ma mun san wannan a gida: a Fabrairun 2006 zanen ɓatanci da aka buga a Denmark ya sa aka kashe Kiristoci a Maiduguri, aka rama kan 'yan Arewa a Onitsha, kuma babu ɗaya cikinsu da ya riƙe alƙalamin.

Na biyu, dokar ta'addanci ta 2000. Birtaniya ta haramta Hezbollah gaba ɗaya a 2019, Hamas gaba ɗaya a Nuwamban 2021, Hizb ut-Tahrir a Janairun 2024. Nuna goyon baya ga ɗayansu na iya kaiwa shekara 14, wallafa hoton tutarsu ko tambarinsu ta yadda za a zargi mutum da goyon baya kuma wata 6. A Fabrairun 2024 wata kotu a Landan ta sami mata uku da laifi saboda hoton masu sauka da lema da suka nuna a zanga-zanga, domin an ɗauke shi a matsayin yabon harin Hamas. Jerin ƙungiyoyin yana sauyawa, ku duba na yanzu a shafin gwamnati kafin ya fita da kwali.

Shekara 17 ba kariya ba ce, tun daga shekara 10 ake tuhumar yaro a Ingila. Makaranta na iya miƙa shi ga shirin Prevent, shirin gwamnati na hana mutane faɗawa tsattsauran ra'ayi, kuma hukuncin kotu na iya ɓata takardar zaman dindindin da kuke jira. Ɗaurin wata 12 yana buɗe ƙofar kora daga ƙasar. Kai ma hukumar NMC, mai rajistar ma'aikatan jinya, tana iya bincikar abin da ka wallafa.

Ka zauna da shi ku bi wayar tare. Ya fita daga zaurukan da ke yaɗa bidiyon mayaƙa, ya daina tura abin da bai karanta ba, ya sa sunan gwamnati ko minista a inda yake nufin su. Kada ka hana shi magana kan Gaza, zai koma yi a ɓoye. Ka nuna masa rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarku da ba da taimako ta ƙungiyar agaji mai rajista. Idan 'yan sanda suka riga suka tuntuɓe shi, kada ya goge komai, kada kuma ya amsa tambaya sai ga lauya, wanda kyauta ne a caji ofis, da wani babba a gefensa. Idan a Scotland kuke, dokarsu ta ƙiyayya daban ce, ta fara aiki a Afrilun 2024, sai ku nemi shawarar lauyan can.