Tambaya da Amsa: Haɗin fasli da tafarnuwa na Faransawa, me ya sa nawa ya yi ɗaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema, maigidana ya yi karatu a Tuluz can Faransa, tun da ya dawo yake min zancen wani haɗi na ganyen fasli da tafarnuwa da suke zubawa a kan soyayyen dankali, wai persillade sunansa. Na gwada sau biyu, na niƙa a bilenda na soya da mai kamar yadda muke soya kayan miya, amma sai ya yi baƙi ga ɗaci, ya ci dai don kar in ji ba daɗi amma na san ba haka yake ba. Ina na kuskure? Daga ƙanwarki a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya bar ƙauna, kuma kar ki damu don hannun da ya saba da miyar kuka da miyar taushe dole haka zai fara yi, mu mun taso ne a kan cewa kayan miya sai sun soyu sosai mai ya taso sama sannan a ce sun yi. Toh wannan haɗin akasin haka yake. Fersiyad, haka suke faɗin sunan, daga persil ne wato fasli, sunan da ku ma a Nijar kuke jin masu kayan miya na kiransa da shi, kuma ba miya ba ce da ake dafawa. Ɗanyen ganye ne da ɗanyar tafarnuwa a yanka su ƙanana, a watsa a kan abinci daf da za a sauke shi, zafin abincin ne kawai zai ɗan taɓa shi ƙamshi ya tashi. Minti 1 ko 2 a wuta ya isa.

Ɗacin nan daga waje biyu ya zo miki. Tafarnuwa in aka niƙa ta laushi aka jefa a mai mai zafi cikin ƙiftawar ido take ƙonewa, kuma ƙonanniyar tafarnuwa babu abin da zai gyara ta. Sannan bilenda tana dagargaza ganyen ne ta fitar da ruwansa, ga shi injin yana ɗaukar zafi, shi ya sa kika ga koren ya koma baƙi-baƙi. Ki ajiye bilenda gefe, ki ɗauko wuƙa mai kaifi da katakon yanka.

Ga yadda nake yi. Ɗauri ɗaya na fasli, mai faffaɗan ganye nake so don ya fi mai murɗaɗɗen ganyen nan ƙamshi, ki tsinke ganyen ki bar kaurin karan, ya kai kamar cikin kofi ɗaya. Ki wanke shi tas da ruwan gishiri tunda kusan ɗanye za a ci, sannan ki baza a kan tawul mai tsafta ya bushe, wannan wajen ne mutane da yawa suke gaggawa, in da sauran ruwa a jikinsa zai cuɗe ne ya manne a wuƙa ya zama kamar an kirɓa. Tafarnuwa ƙwara 3 ko 4, ki tsaga kowace biyu, in kin ga koren tsiro a tsakiya ki cire shi. Ki fara yanka tafarnuwar, sai ki ɗora ganyen a kai da ɗan gishiri ki ci gaba da sara su tare har su haɗe amma kina iya ganin ganye daban tafarnuwa daban. Shikenan fa, asalin abin kenan. In kina so ya ɗan yi ruwa-ruwa na ɗiba da cokali, ki zuba man zaitun cokali 3 da ɗan matsin lemun tsami da masoro.

Dankalin da maigidanki yake kewa kuwa ina kyautata zaton irin na Sarla ne, wani gari a yankin Dordon a kudu maso yammacin Faransa inda suke kiwon agwagi da yawa, kuma Tuluz ma a wannan ɓangaren take, can da kitsen agwagwa suke soya dankalin. Ki fere dankalin Turawa rabin kilo ki yanka shi fale-fale a zagaye, ki tsane ruwan da tawul, ki sa a kasko mai kauri da kitsen agwagwa in kin samu, in babu ki haɗa man shanu da ɗan man gyaɗa don kar ya ƙone. Wuta matsakaiciya, kar ki cika juyawa, kamar minti 20 zuwa 25 har gefensa ya yi ja cikinsa ya yi laushi. Sai ki rage wuta sosai ki watsa haɗin ki juya sau biyu uku ki sauke, wallahi ƙamshin da zai tashi shi zai faɗa masa kin gano bakin zaren tun kafin ya zauna.

Kuma kar ki tsaya a dankali. Gasasshen kifi in ya sauka daga kan gawayi ki shafa masa haɗin nan mai ruwa-ruwa. A Furobans, kudancin Faransa, suna raba tumatir biyu su cika samansa da haɗin tare da garin busasshen burodi su gasa. Da babbar sallah kuma ki gwada shi a haƙarƙarin rago, ki ɗan soya bayan naman ya yi ja, ki shafa mastad, ki danna haɗin da kika cakuɗa da garin burodi a kai, ki sa a obin mai zafin digiri 200 kamar minti 20, a nan garin burodin ne yake kare ganyen daga ƙonewa. Amma ki karanta bayan kwalbar mastad ɗin kafin ki saya, wasu irin na Dijon, wani gari a Faransa, da giya ake haɗa su.

TAMBAYA: Anti ni ma'aikaciya ce ba ni da lokaci, zan iya yin mai yawa in zuba a kwalba in cika da mai in ajiye a kan kanta in riƙa ɗiba? Daga Kaduna.

AMSA: A'a 'yar uwa, dan Allah kar ki yi haka, wannan maganar lafiya ce ba ta ɗanɗano ba. Tafarnuwa a cikin ƙasa take girma, tana iya zuwa da wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda take kawo ciwon da likitoci ke kira botulizim mai shanye jiki. Ƙwayar nan wajen da babu iska kuma babu tsami take so, kinga ɗanyar tafarnuwa da mai ya rufe a ɗaki mai zafi irin namu ai gida kika gina mata, abin tsoron kuma gubar ba lallai ta canza wari ko kamannin abin ba balle ki gane. In kin sa mai to firji kai tsaye, kuma kar ya wuce kwana 4. In wutarku ba ta zama, ki haƙura ki riƙa yin na ci ɗaya, minti 5 ne aikin.

Dabarar da ta fi miki ita ce firiza. Ki zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida, in ya daskare ki juye a leda, duk sanda kike so ki ɗauki ɗaya ki jefa a kan abinci mai zafi. Ko ki kwaɓa shi da bota mai laushi giram 100, ki naɗe a takarda, dogo zagayayye, ki daskarar ki riƙa yanka kuna ɗorawa a kan nama ko burodi. Irin wannan botan ne mutanen yankin Burgundi na Faransa suke cusa wa dodon koɗi su gasa. Wata 2 zuwa 3 yana nan lafiya muddin bai narke ya sake daskarewa ba.

TAMBAYA: Na sayo ganye a kasuwa mai kayan miya ya ce fasli ne, da na yi sai yarana suka ce warin sabulu suke ji. Daga Jos.

AMSA: Koriyanda ya ba ki, suna kama sosai a ido. Gaba ki tsinki ganye ɗaya ki murza ki sansana, koriyanda ƙamshinsa mai ƙarfi ne kuma ganyensa ya fi laushi da zagaye a baki, fasli kuma ya fi duhun kore, bakin ganyensa da tsini. Yaranki ba ƙarya suke ba, akwai mutanen da a halittarsu haka suke jin koriyanda. In kin samu na gaskiyar ki raba biyu, rabi ki yi yadda na faɗa a sama, rabi kuma ki daka a turmi da attaruhu da albasa mai lawashi ki tsaga jikin kifi ki cusa kafin ki soya, haka mutanen Senegal suke yi wa kifin da suke dafa shinkafarsu da shi, rof suke ce masa.