Tambaya da Amsa: An sa ni aikin dare a gidan kula da tsofaffi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Kano na yi karatu, kuma ban daɗe da samun aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila ba. An sa ni aikin dare, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, kuma ni kaɗai ce nas a ginin, sai masu taimakawa. Gabana yana faɗuwa. Me zan fi sa wa ido, kuma yaya zan yi da barci?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a aikin. Fargabarki tana kan hanya, domin a asibiti akwai likita a kusa da na'urori masu yin ƙara, amma a gidan tsofaffi cikin dare idonki ne zai fara gano matsala. Saboda haka babban abin da za ki nema a makonnin farko shi ne sanin yadda kowane tsoho yake a ranar da yake lafiya: wa ke da surutu, wa ke tashi fitsari sau da yawa, wa ke yawo a baranda saboda ciwon mantuwa. Wanda bai san halin mutum na kullum ba, ba zai gane ranar da ya sauya ba.

Dalili kuwa shi ne, jikin tsoho ba ya bayyana ciwo kamar na matashi. Cutar mafitsara ko ta huhu tana iya kama dattijo ba tare da zazzaɓi ba, sai dai a ga ya rikice ko ya ƙi abinci. Mai ihu yana fizge-fizge kowa zai lura da shi. Wadda aka fi mantawa da ita ita ce tsohuwar da ta saba hira amma yau ta yi lamo, ana cewa ta huta. Irin wannan ki auna numfashinta, bugun zuciya, hawan jini, zafin jiki da iskar da ke cikin jininta. Idan mai ciwon suga ce kuma awon sugan jininta ya sauka ƙasa da 4, ki ba ta abin sha mai zaƙi muddin tana cikin hayyacinta tana iya haɗiya, sannan ki sake aunawa bayan minti 15.

Lokacin karɓar aiki kada ki yarda da "kowa lafiya lau". Ki tambayi wanda ya faɗi, wanda aka sauya wa magani, da wanda ke da takardar da ta ce kada a yi yunƙurin farfaɗo da zuciyarsa idan ta tsaya, domin ba a tsakiyar tashin hankali ake neman wannan takarda ba. Magungunan da doka ta tsaurara a kansu, irin su morfin, ki ƙirga su tare da shaida kafin ku sa hannu, ko da mai miƙa miki aikin tana sauri.

Faɗuwa ta fi yawa a hanyar banɗaki. Idan kika tarar da mutum a ƙasa, kada ki yi gaggawar ɗaga shi. Ki duba ƙafafunsa, domin idan ɗaya ta gajarce ta juya waje, wataƙila ƙashin ƙugu ne ya karye. Idan ya bugu a kai kuma yana shan maganin tsinka jini kamar warfarin, ki kira 999, lambar kiran gaggawa. Abin da bai kai gaggawa ba kuwa akwai 111, lambar neman shawarar lafiya. Gara a ce kin cika kira da a wayi gari ana tambayarki dalilin shirunki. Ki rubuta komai da lokacinsa tun kina tunawa.

Masu taimakawa, waɗanda ke juya marasa motsi don kada gyambon kwanciya ya kama su, sun riga ki sanin mutanen nan. Idan ɗaya ta ce miki wane ba daidai yake ba yau, ki tashi ki duba.

Game da barci, tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba jiki ya fi mutuwa, don haka lissafin magani a wannan lokaci yana bukatar dubawa sau biyu. Ki kwanta da la'asar kafin daren farko, ki daina shan kofi awanni kafin ki tashi daga aiki, ki kuma sa labule mai kauri, domin a bazarar Ingila rana takan fito tun kafin ƙarfe 5. Ki sanar da 'yan gida lokacin barcinki don su rage kiran waya. Idan idonki yana rufewa da safe kada ki tuƙa mota. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ba ma'aikacin dare damar a duba lafiyarsa kyauta, don haka ki nemi wannan daga shugabar gidan tsofaffin kafin ki fara.