Hajiya, kada ki zuba jarinki duka a garin kolajin

Wata mai shagon kayan kwalliya a Kasuwar Barci ta rubuto game da garin kolajin (collagen), wato hodar ƙarin abinci da ake sha: "Malam, mata sun dame ni da tambayar garin kolajin na gyaran fata da ciwon gwiwa. Ina da naira dubu 600, in zuba duka?"

Hajiya, ki fara da rubu'in kuɗin kawai. Yawancin kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma suna da ranar lalacewa. Idan damina ta kankama a Kaduna, garin da murfinsa bai rufu sosai ba sai ya sha danshi ya dunƙule, babu mai saye.

Abin da ya fi damuna shi ne asalin kayan. Ana samun kolajin ne daga fatar shanu, fatar kifi da ɓawonta, guringuntsin kaza, ko fatar alade. Ki juya robar ki karanta bayanta da kanki. In ba a rubuta daga wace dabba aka samo shi ba, ko babu shaidar halal, ki bar wa dillalin kayansa komai arharsa. Ranar da wata ta gano kin sayar mata da na alade, har man shafawarki za a daina saye, kin kuwa san yadda magana ke yawo a gidan biki. Lambar NAFDAC ma kada ki tsaya ga ganinta a jikin roba, ki duba ta a Greenbook, wato shafin hukumar na intanet mai jerin kayan da ta yi wa rajista, don masu jabu suna buga lambar ƙarya.

Sai batun talla. Kolajin ƙarin abinci ne, irin sinadarin da ke cikin ganda da farfesun ƙafar saniya. Ba ya sa fari, ba ya warkar da amosanin gaɓɓai. Wasu gwaje-gwaje sun nuna fata na ɗan ƙara laushi bayan mako 8 zuwa 12 ana sha kullum. Iyakar abin da za ki faɗa ke nan. Mai kumburin gwiwa ki tura ta asibiti, mai ciki ko mai ciwon ƙoda ta fara tambayar likita.

Ribarki tana wurin wadda ta dawo sayen roba ta biyu da ta uku. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta masu dawowa har wata uku, kuma kada ki bayar bashi. Idan sun yi yawa ki ƙaro kaya, idan ba su dawo ba sauran dubu 450 ɗinki na nan a sabulu da turaren da kika san kansu.